Uwa da Jarirai a Keji: Ɓera, Zomo da Ɓeran Masar a Gidajen Rano da Kibiya

Manomin ƙasar Rano ko Kibiya bai san ɓera da komai ba sai ɓarna. Shi ne mai huda rumbu, mai tsiyayar da buhun masara, mai cinye irin gyaɗar da aka ajiye wa damina. Saboda haka in aka ce masa a wasu ƙasashe ana ajiye ɓera a ɗaki, a yi masa keji, a yi ta hidima da shi in ya haihu, da ƙyar zai yarda. Amma kiwon ƙananan dabbobi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Durba, ba a rasa gidan da yaro ya gina wa zomaye ɗaki a bayan madafa, ko ya ajiye ɓeran Masar a tsohon akurkin kaji. A Kano da Zariya kuma akwai farin ɓera mai jan ido, wanda jami'o'i ke kiwo don bincike, har wasu matasa suka mayar da kiwonsa sana'a suna sayar wa ɗalibai masu aikin kammala karatu.

Duk waɗannan masu kiwo ranar gwajinsu ɗaya ce, ranar da uwa ta haihu. Yaro zai shigo da gudu: "Baba, zomanyata ta haihu!" Bayan kwana huɗu sai ka gan shi jugum, a cikin bakwai saura biyu. Akan ce uwar ce muguwa, ko a ce ba shi da hannun kiwo. A ganina mafi yawan jariran nan ba cuta ce ke kashe su ba, ba kuma halin uwa ba. Abin da ke kashe su yana hannun mai kiwo: wurin haihuwar da bai dace ba, ƙishirwa, zafin rufin kwano, namijin da aka bari tare da mai jego, da yawan leƙe.

Kafin a kai ga wannan, akwai iyakar da ya kamata kowane magidanci ya shata wa yaransa. Lokacin da ake kwashe hatsi daga rumbu ko ɗaga buhuna, sau da yawa akan tarar da sheƙar ɓera da jarirai jajaye a ciki, yaro kuma ya so ya ɗauka ya raina a gwangwani. Kada a bar shi. Ɓeran gida da na gona ba abin kiwo ba ne. A cikinsu akwai ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Ɓeran da ke ɗauke da ita ba ya nuna alamar ciwo, yana ta yawonsa lafiya lau yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashi, kuma uwa na iya ba 'ya'yanta tun suna ƙanana. Cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ake ƙona daji ana farautar ɓera da gafiya, ɓeraye kuma na gudowa cikin gari. Mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma sauran tana iya kai su kabari, tana kurumtar da wasu da suka tashi, ta kuma fi tsanani ga mai tsohon ciki. A farkon 2020 ta ci rayukan likitoci a birnin Kano. Wanda ya ga sheƙa a rumbu ya kwashe ta da shebur, ba da hannu ba, ya binne, ya wanke wurin. Ya kuma tuna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari: dusar zomo da aka bari a buɗe ita ce ke gayyato ɓeran waje har bakin keji.

Farin ɓera daban yake. Jikan ɓeran ƙasar Turai ne da aka daɗe ana kiwo a keji har ya saba da hannun mutum. A Landan ta ƙarni na 19 akwai wani mai kamun ɓera, Jack Black, wanda yakan ware masu launi na daban ya hayayyafa su ya sayar wa masu sha'awa. A farkon ƙarni na 20 Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a Amurka ta daidaita irin farin da ake bincike da shi, shi ya sa har yau ɗalibanmu ke kiransa da sunanta. A Ingila masu sha'awar kiwonsa sun kafa ƙungiya tun 1976. Ko shi ma ba a sake da shi gaba ɗaya, domin a 2017 an sami wata cuta mai suna Seoul ta bazu daga ɓerayen keji zuwa masu kiwonsu a jihohin Wiskonsin da Ilinoi. Wanke hannu da sabulu bayan an taɓa keji wajibi ne, kuma kejin bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mutane ko abinci ba.

Cikin farar ɓera kwana 21 zuwa 23 ne kawai. Takan haifi shida zuwa goma sha biyu, wani lokaci fiye. Jaririn yakan zo tsirara, ja, ido da kunne a rufe, nauyinsa bai wuce giram biyar ko shida ba. Fatarsa siririya ce har ana hango nonon da ya sha, wani farin zane a gicciye a cikinsa. Wannan zanen shi ne abin da mai kiwo zai duba. In yana nan, uwa na shayarwa, sai a rufe a tafi. In an wuni babu shi, akwai matsala.

Kwana biyu ko uku kafin haihuwa ake raba ta da namiji, ba don zai ci 'ya'yan ba, sai don tana iya sake ɗaukar ciki cikin kwana ɗaya da haihuwa, ta haɗa goyo da ciki ta rame. Kejin jego ya zama mai dandamali ɗaya, ba hawa-hawa, ƙasansa a shafe ba raga ba, ramukan ragar gefe kuma ƙanana, ƙasa da santimita ɗaya, don jariri na iya zurarewa ta inda ba a zata ba. A ba ta yagaggiyar takarda da busasshiyar ciyawa mai laushi ta yi sheƙarta da kanta. Auduga da tsumma mai zare suna da haɗari: zaren kan naɗe ƙafar jariri ya datse jini har ƙafar ta mutu. Dusar katako mai laushi sosai ko mai ƙamshi tana shaƙe su, domin ɓera dabba ce mai raunin huhu. A makon farko ba a share sheƙa, sai dai a kwashe jiƙaƙƙen wuri a can gefe. Mai shayarwa takan ci ninki biyu ko uku na abin da ta saba, don haka a ƙara mata dafaffen ƙwai, ɗan kifi ko dafaffen wake. Idon jariran kan buɗe wajen mako biyu, su fara taɓa abinci kafin mako uku, a yaye su tsakanin mako huɗu da biyar. Kafin su wuce mako biyar a ware maza daga mata, in ba haka ba ɗa zai bi uwarsa da 'yan'uwansa.

Wani hali nata mai kyau shi ne in jariri ya faɗo daga sheƙa takan bi kukansa ta ɗauko shi a baki ta mayar. Na kawo wannan ne domin zomanya ba ta yin haka, kuma rashin sanin wannan bambanci ya jawo asarar jariran zomo masu yawa.

Zomo shi ne ainihin abin da ke gidajenmu, don haka a nan ya kamata a daɗe. Yadda yara suka fi yi shi ne su gina ɗan ɗaki na laka, su bar ƙasansa ba daɓe, su zuba namiji da mata biyu ko uku tare. In haihuwa ta matso, zomanya sai ta haƙa rami mai ɗan zurfi, ta yi ta jido ciyawa a baki, a ƙarshe ta tsige gashin ƙirjinta da na cikinta ta shimfiɗa. Ta haihu a ciki, ta fito, ta toshe bakin ramin da ƙasa ta daddale shi da ƙafafun gaba. Wanda bai sani ba sai ya ce ta binne 'ya'yanta da rai. Ba haka ba ne. Ɓoye su ta yi. Sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu a kwana ɗaya, galibi cikin dare ko da asuba, takan buɗe ramin ta tsaya a kansu minti uku zuwa biyar su sha, ta fito ta sake toshewa. Nononta yana da kauri da maiƙo, shan nan ɗaya ya ishe su har gobe.

To a nan ne kuskure ke shigowa. Yaro ya wuni yana gadi bai ga uwa ta shiga wurin 'ya'yanta ba, sai ya yanke cewa ta ƙi su. Ya tone ramin, ya fito da su, ya kama uwar ya danne ta a kansu, ko ya dama madarar gari ya ɗura musu da cokali. Madarar ta bi ta hanci ta shiga huhu, ko ta ɓata musu ciki, kafin kwana biyu sun tafi. Alhali da ya duba da safe, da ya ga cikinsu a cike, fatarsu a miƙe, suna kwance a dunƙule da ɗumi. Jaririn da ke jin yunwa fatarsa kan yamutse, jikinsa ya yi sanyi, ya rabu da 'yan'uwansa yana rarrafe.

Ramin ƙasa yana da amfaninsa, ba na raina shi. Yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, kuma ba ya cin ko sisi. Illarsa da damina take bayyana: ruwan Agusta ɗaya ya isa ya cika ramin cikin dare. Kwarkwasa na shiga, maciji na shiga, ɓeran waje ma na shiga ya ci jariran, mai kiwo kuma ba ya iya ganin wanda ya mutu ya cire kafin ya ruɓe ya ɓata sauran. Zomanya ta biyu tana iya tone ramin ta farko. Shi ya sa na fi son keji na katako da raga, a ɗage shi daga ƙasa kamar tsayin ƙugu, kowace uwa da nata ɗaki, a tsoma ƙafafun kejin cikin gwangwanaye masu baƙin mai don tururuwa da kwarkwasa. Wanda ba shi da kuɗin katako ya yi daɓe a ɗakin lakar, ya ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, ya kwantar da tsohon tulu mai faɗin baki a kusurwa ya zama ɗakin haihuwa.

Cikin zomanya kusan kwana 31 ne. Wanda ya rubuta ranar barbara a bango da gawayi ya huta da zato. A rana ta 28 ake sa mata akwatin haihuwa, tsawonsa kamar santimita 45, faɗi da tsayi kamar 30, da ɗan dogari a bakin ƙofa wanda uwa za ta iya tsallakewa amma jariri ba zai iya ba. In aka sa shi da wuri sai ta mayar da shi makewayi. A huda ƙasansa ƙanana don fitsari ya tsiyaye, a zuba busasshiyar tattaka. Washegarin haihuwa a ba uwar ganyen da take so ta shagala, a wanke hannu, a buɗe gashin a ƙirga, a cire matacce da ragowar mahaifa, a mayar da gashin yadda yake. Duk jaririn da aka tarar a wajen akwati, wataƙila ya fito ne manne da nono, a ɗumama shi a tafin hannu a mayar, domin uwar za ta wuce shi ko kallo babu. Idonsu kan buɗe a kwana goma zuwa sha biyu, su fara fitowa wajen mako uku, a yaye su a mako biyar zuwa shida.

Maganar da ake yi cewa in ka taɓa jarirai uwa za ta cinye su tana da ɗan tushe, amma an ɗora laifin inda ba nan yake ba. Zomanyar da ta saba da mai ita ba ta damu da warin hannunsa ba. Abin da ke sa ta cin 'ya'ya ko tattake su shi ne firgita da ƙishirwa, sai kuma rashin sabo a haihuwar fari. Kyanwa ta kwana a kan keji, yaran unguwa goma sun zo kallo, an ɗaga akwatin an sauke sau biyar, ga kaskon ruwa a bushe tun jiya. Akwai ma masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Wannan magana ta yi ɓarna ƙwarai. Mai shayarwa na shan ruwa fiye da kowane lokaci a rayuwarta, kuma in babu ruwa babu nono. Kasko mai nauyi wanda ba za ta kifar ba, a cika shi safe da yamma, ya fi duk wani magani da za a sayo.

Masu kiwo da suka ƙware kan haɗa mata biyu da namiji a rana ɗaya ko a jere, don su haihu tare. In ɗaya ta haifi goma, ɗaya ta haifi huɗu, sai a ɗebi biyu ko uku a cikin kwanakin farko a cusa su cikin gashin sheƙar ta biyu da safe, kafin dare sun ɗauki warin gidan. Yawancin zomaye nono takwas gare su, kuma da yake shan na 'yan mintuna ne, wanda bai sami kama nono ba yau sai gobe. Wannan dabara ta fi shayarwa da sirinji nesa ba kusa ba.

Wani abu da ke faruwa da kaka: manomi na yankan dawa ko tugar gyaɗa sai ya tsinci ɗan zomon daji kwance shi kaɗai, da gashinsa, idonsa a buɗe, ya kawo wa yara gida. Zomon daji jinsinsa daban ne da na gida, wanda asalinsa daga yankin Sifen yake, ba sa ma haihuwa da juna. Na daji ba ya rami, a fili yake haihuwa, ya rarraba 'ya'yan, uwar ta dawo da magariba ta shayar. Ɗan da aka tsinta ba maraya ba ne, kuma da wuya ya rayu a keji. A bar shi inda aka gan shi.

Ɓeran Masar, wanda asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ne, shi ya fi sauƙin jego. Cikinsa ya haura wata biyu, 'ya'ya biyu zuwa huɗu galibi, kuma sukan zo da gashinsu da haƙoransu, ido a buɗe, a ranar suke tafiya, kafin kwana biyu suna tsinkar ganye. Ba ya buƙatar akwatin haihuwa, sai wurin ɓuya da busasshiyar shimfiɗa. Abu uku ne nasa. Jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C, kamar dai mutum, don haka dusa kaɗai ba ta riƙe shi, sai da ɗanyen ganye kullum. Macen da ta wuce wata shida ko bakwai ba ta taɓa haihuwa ba tana iya shan wuyar naƙuda, domin ƙashin ƙugunta ya riga ya yi tauri. Sannan mazan kan balaga da wuri, a ware su a mako uku.

Zafi ya shafi dukkansu, kuma shi ne babban abokin gaba a ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu rana kan kai digiri 40, zomo kuwa daga digiri 30 yake fara wahala. Ba ya gumi, ta kunnuwansa yake fitar da zafi, kamar yadda ɓera ke fitarwa ta wutsiya. Kejin da ke ƙarƙashin kwano tsirara da azahar ɗin Afrilu tanda ne. A kai shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, a shimfiɗa zana ko bunu a kan rufin, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta inda iska ke shigowa, a rage gashin da ke kan jariran da rana. Da hunturu kuma lamarin ya juya: iskar asubar Disamba da Janairu tana kashe jariri tsirara cikin ɗan lokaci, sai a kare gefen gabas da arewa da buhu, a ƙara tattaka.

Ta fuskar abinci yankin ya yi dace. Harawar gyaɗa da ta wake, dusar masara da ta dawa, ganyen dankali, zogale, ga kuma noman rani da ruwan Tiga ya kawo tun shekarun 1970, wanda ke samar da ragowar kabeji, salak da karas a Bunkure da Kura da kewaye. Sai dai ganyen lambu na zuwa da feshi. A tambayi mai gonar yaushe ya yi feshin ƙarshe, a wanke, a bar shi ya sha iska ya ɗan yi yaushi kafin a bayar. Jiƙaƙƙen ganye mai yawa lokaci ɗaya yana sa 'yan yaye zawo, zawo kuma a wannan shekaru kisa yake yi. A kiyayi tumfafiya, zurma, duman kada da ɗanyen ganyen rogo. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. In aka ga ɓawo a cikin kunnen uwa tana yawan kaɗa kai, ƙazuwa ce, a nemi malamin dabbobi kafin ta shafa wa 'ya'yan, kada a ɗauko maganin kaji a ɗura mata, domin wasu magungunan da ke warkar da kaza suna kashe zomo da ɓeran Masar.

Ina ganin iyaye maza na da rawar da ba su cika takawa ba. Ana ɗaukar kiwon nan wasan yara, a bar ɗan shekara goma da rayuka takwas ba mai duba masa. Addini bai ɗauke shi wasa ba. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, wani kuma ya nuna Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Uban da ya tsaya minti biyar da safe ya ce, "Ɗana, ka zuba ruwa? Bari mu ga cikinsu," ya sauke nauyi, ya kuma koya wa yaron kiwon da zai kai shi ga akuya da tunkiya.

Gafiya ma ta cancanci a ambace ta, ko don a san cewa dangin ɓera na da amfanin da ya wuce tukunya. A Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO na kiwon wata 'yar'uwar gafiyarmu, tana horar da ita tun tana ƙarama ta sansano nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya sami lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Amma waɗannan a keji aka haife su, likitoci na duba su. Ta daji kuwa, a 2003 gafiyoyi da wasu ƙananan dabbobi da aka kai Amurka daga Gana sun zama sanadin ɓarkewar ƙyandar biri a can, har gwamnati ta hana shigo da ɓerayen Afirka. Saboda haka ga gidan Rano ko Kibiya zaɓina a fili yake: zomo ga mai son nama da ɗan kuɗin kashewa, ɓeran Masar ga ƙananan yara, farin ɓera ga wanda ke da ɗaki na daban da masu saye a jami'a, na daji kuwa babu.

Saura lissafin lokaci. Zomanya na iya ɗaukar ciki washegarin haihuwa, kuma in namiji na tare da ita hakan za ta yi, wata bayan wata, har ta ƙare. Haihuwa huɗu a shekara ta isa, kuma ko a haka, in shida-shida ne, zomaye 24 ke nan daga uwa ɗaya, sai an tanadi inda za a sa su tun kafin su zo. A kai mace ɗakin namiji, ba a kai namiji nata ba, don takan yi faɗa a kan wurinta, a mayar da ita da zarar an gama. A tsara yadda haihuwa za ta faɗo daga Yuni zuwa Fabrairu. Daga ƙarshen Janairu a daina barbara, domin cikin da aka ɗauka bayan nan zai sauka ne a cikin zafi, ga shi ƙarfin namijin ma kan ragu a watannin nan. A bar uwar ta huta a inuwa har ruwan farko ya sauka, sannan a sake haɗa su.